Tutiyar da Gishiri Bai Taɓa Ba

Litinin, 8 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Oddvar ya bugo waya ina tsakiyar duba takardun ɗalibai. Ƙanin mijina ne, shi ne kuma shugaban ƙungiyar masu jiragen ruwa ta garinmu, kuma tun da aka zaɓe shi yake magana kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Ya ce yau sun ɗaga Terna daga ruwa, ya kamata in zo in gani.

"Me zan gani? Jirgi ne, na san kamanninsa."

"Gunvor, ƙasansa duk ramuka ne. Tsatsa ta yi masa zanzana."

Ya ce ƙarfen ne ya tsufa. Bara aka yi masa fenti sabo, aka ɗaura masa tutiya sabuwa, amma ga abin da ya faru, to me ya rage? Dokar ƙungiya kuma na san ta: jirgin da ake shakkar jikinsa ba ya komawa tashar, kada ya nutse ya zuba wa kowa mai. Mai duba jirage zai zo ranar tara ga Yuni. In bai sa hannu ba, Oddvar ya san wani mai sayen tsohon ƙarfe. Har lambar mutumin ya fara karanto mini.

Mijina Eilif ne ya ƙera jirgin nan da hannunsa, waldarsa ce daga kai har ƙarshe. Na ce da Oddvar ina da takardu a gabana, na kashe wayar. Na ci burodi a tsaye.

Talata, 9 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Na je can sama, gidan jinyar da ke kan tudu, inda Eilif yake. Na tarar sun juya masa keken guragunsa wajen taga, inda ake hango tashar. Wurin Terna fayau, ba komai sai ruwa. Ya dube ni, ya dubi wurin, ya sake dubana.

"Wanka ake masa," na ce. "Kowa ma ana masa wanka."

Aslaug, mai motsa masa jiki, ta tsare ni a baranda. Ta ce tun jiya ya ƙi ba ta hannun. A Kirsimeti na yi masa alkawarin cewa ranar Sankthans, bikin tsakiyar bazara da za a hura wuta a tsibiri, a cikin Terna zan kai shi. Tun daga ranar ya yarda ya fara miƙewa tsaye yana riƙe da ƙarafuna. Aslaug ta ce, "Ban san me kika gaya masa a lokacin ba, amma da shi muke aiki." Kalmomi uku yake da su yanzu: a'a, kofi, Terna. Ba zan bari a kai guda ɗaya wurin mai tsohon ƙarfe ba.

Laraba, 10 ga Mayu, da safe

Ban je tashar ba. Tsoro nake ji, ba wani abu ba.

Alhamis, 11 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Na je. Ramukan suna nan, ba ƙarya Oddvar ya yi ba, an fi samunsu inda fenti ya kankare wajen farfela. Na sa ɗan yatsa a ɗaya.

Sai ga Oddvar da kofin kofi a hannu, yana shafa ɗaya daga cikin dunƙulen tutiyar da ke jikin jirgin kamar mai shafa doki.

"Kin gani, Farfesa? Shekara guda cikin teku, amma kamar jiya aka sayo ta. Wannan ko bana ba sai an canza ba."

Na tsaya ina kallonta. Sumul take, har kusurwoyinta na nan da kaifinsu. Duk shekara, in an ɗaga jirgi, Eilif kan kawo mini tsohuwar tutiya gida, ta zama kamar cukun da ɓera ya samu, ya ajiye mini a tebur ya ce in kai wa ɗalibaina. Aikinta ke nan: gishiri ya cinye ta, ya ƙyale jirgi. Tutiyar da ta shekara a ruwa ta fito da kyanta, zaman banza ta yi. Ruwa ba ya tsami banza.

Da sauri na taka zuwa mota, rabon da in yi irin wannan tafiyar na manta.

Juma'a, 12 ga Mayu, ƙarfe uku da rabi

Na ari mitar gwada lantarki a ɗakin gwajin makaranta, mai yin ƙara in wuta ta sami hanya. Na sa waya ɗaya a tutiya, ɗaya a jikin ƙarfen jirgi inda na kankare. Shiru. Babu hanya tsakaninsu. Na gwada sauran, duk haka.

Na kwance notin guda, na ciro ta. Ga fenti shuɗi a ƙarƙashi, shafi uku, mai kauri, har jikin notin an bi an shafe shi tsaf. Aiki ne na mai ƙauna. Na zauna a kan tsohuwar taya na yi dariya har mutumin da ke wanke jirginsa a gefe ya leƙo. Ƙarfen Eilif lafiyarsa ƙalau! An dai sa wa tutiya safar hannu ne, aka ce ta gaisa.

Sai da na isa gida dariyar ta ƙare. Na tuna waɗanda suka yi fentin.

Asabar, 13 ga Mayu, da hantsi

Bara, makon da Eilif ya faɗi a kicin ɓarin jikinsa ya shanye, ina asibiti ban san rana ba, ban san dare ba. Mutanen ƙungiya suka yi aikin gayya a kan Terna, cikin ruwan sama, ba wanda ya roƙe su. Matansu suka soya waful, wainar fulawa. Suka saka shi a ruwa, suka aiko mini hoto, suna tsaye a gabansa duk fenti a goshi. Hoton na nan a jikin firij.

Jiragensu duk na roba ne ko na katako, Eilif kaɗai ke da na ƙarfe, kuma bai taɓa barin kowa ya taɓa ƙasansa ba. Su a wurinsu, inda fenti bai rufe ba nan ne ɓarna ke shiga. Garin gyaran gira suka taɓa ido.

A garin nan kana iya gaya wa mutum matarsa ta gudu, ya gode maka. Amma ka ce aikin gayyar da ya yi maka bai yi ba? Har jikokinka za su ji a jikinsu. In kuma na kankare a ɓoye, mai duba jirage zai tambayi abin da ya jawo ramukan, in ba amsa ba zai sa hannu ba. Dole a faɗa, kuma ba a bakina ya kamata a ji ba.

Litinin, 15 ga Mayu, bayan an tashi makaranta

Bitar jarrabawa da 'yan aji uku. Na ce musu ƙarfe bai taɓa son zama ƙarfe ba. Jar ƙasa aka haƙo, aka ƙona ta da wuta mai yawa kafin ta yarda, kuma tun daga ranar take neman hanyar gida. Tsatsa ita ce komawar. Na rubuta lissafin a allo: in lambar ta faɗi ƙasa da sifili, abin zai faru da kansa, kamar ruwa da gangare, ya kuma saki ƙarfin da za a iya sa shi aiki. Lissafin ba ya faɗin yaushe, ya dai ce za a yi.

Na zo kan tutiya. Ta fi ƙarfe saurin sakin ilektaron, saboda haka in suna tare cikin ruwan gishiri ita ke narkewa, shi ya zauna lafiya. Amma sai in sun taɓa juna, jiki da jiki. In ba hanya, komai yawan ƙarfin, ba aiki.

Wata daga baya ta ɗaga hannu. "To in hanyar ta yanke, ƙarfin ina yake zuwa?"

"Ba ya zuwa ko'ina," na ce. "Yana nan, yana jira."

Na ce su buɗe shafi na gaba, na fita baranda na ɗan tsaya.

Laraba, 17 ga Mayu, da la'asar

Ranar ƙasa. Oddvar na gaban jerin gwano da tuta, ƙirji a gaba. Matarsa ta saya mini askirim, ta ce na yi fari. Maganar ta zo har bakina, na haɗiye ta da askirim ɗin.

Alhamis, 18 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Tordis ta bugo daga Bergen. Ta ce, "Mama, jirgi ne fa kawai. Baba ba zai ma iya hawa ba." Ɗiyata ce, ina sonta, amma yau na so in jefa wayar a teku. Ta tambaya ko ina cin abinci. Na ce mata tukunya na kan wuta.

Ba a kan wuta take ba. Amma wata dabara ta zo mini muna magana.

Juma'a, 19 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Kwalaben jam uku, ruwan teku, ƙusa uku. Ta farko ita kaɗai. Ta biyu na naɗa mata zaren tutiya a wuya, jiki da jiki. Ta uku na shafa mata fenti a wuya, na bari ya bushe, sannan na naɗa tutiyar a kan fentin. Ragowar shuɗin fentin bara na samo a rumfar Eilif, shi na yi amfani da shi, kuma da gangan.

Na kai su ɗakin ƙungiya na jera a taga, daidai kan injin kofi, inda tsofaffin garin ke wuni suna gyara gwamnati.

"Farfesa, miya ce?" in ji Oddvar.

"Gwajin ɗalibai ne, Shugaba. Tagar makaranta rana ta yi yawa. A taimaka kada a shanye."

Hallgeir, tsohon mai walda a ma'aikatar jirage, ya sa tabarau ya duba. Ya ce shi ya tsaya wa ta uku, don ga fenti ga tutiya, riga biyu ke nan. Nan take suka rabu gida-gida, wanda ya faɗi zai wanke kofuna har ƙarshen wata. Na fito ina jin kamar yarinyar da ta ɓoye kwaɗo a jakar malami.

Lahadi, 21 ga Mayu

Can sama. Ya ce a'a sau biyu. Bai ce kofi ba.

Talata, 23 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Na leƙa. Kwalba ta ɗaya ta yi ja. Ta uku ta yi ja. Ƙusa ta biyu tana ƙyalli kamar yau aka sayo ta, tutiyar wuyanta kuwa ta yi fari-fari, ta fara gautsi. Hallgeir na wanke kofuna yana gunaguni, ya ce ƙusarsa ce ba ta da kyau tun asali. Oddvar ya ɗaga kwalba ta uku ya kai ta haske, ya daɗe yana kallon shuɗin. Na yi kamar ina neman sukari.

Laraba, 24 ga Mayu, da safe

Shiru. Ko dai bai gane ba, ko ya gane ya ji haushi. Ban san wanda ya fi ba.

Alhamis, 25 ga Mayu

Shiru. Burodi a tsaye.

Juma'a, 26 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Oddvar ne, da kwalba ta uku a hannu ɗaya, makankari a ɗaya. Bai cire takalmi ba, abin da bai taɓa yi a gidana ba.

"Ni na shafe notunan," ya ce. "Sai da na bi su da ɗan burushi, ɗaya bayan ɗaya. Na ce kada gishiri ya sami ko ƙofar allura."

"Na gani. Ban taɓa ganin fenti mai kyansa ba."

"Me ya hana ki faɗa mini tun farko?"

"Kai da ka riƙe tuta? In ɓata maka ranar ƙasa?"

Ya zauna a kujerar Eilif. Ban hana shi ba. Ya yi ta juya kwalbar, idonsa ya yi ja. Ya ce shi kullum in ya je can sama bai san abin da zai ce wa yayansa ba, shi ya sa ya ce bari ya yi abin da hannu zai iya. Na dafa kofi a kicin, muka sha a tebur. Sai da ya tafi na lura a zaune na sha.

Daga bakin ƙofa ya juyo. "Gobe ƙarfe takwas. Ki zo da mitar nan taki, tunda yanzu ita ce shugaba."

Asabar, 27 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Duk sun zo, har waɗanda ba su zo bara ba. Oddvar ya hau kan akwati ya yi musu bayani da kansa, ya ce "mun" a inda ya kamata, ya ce "na" a inda ya kamata, ban ƙara masa ko kalma ba. Wani ya ce ashe shekara guda suna kiwon tutiya, jirgi na ramewa. Aka yi dariya, aka kama aiki.

Aka kankare kowane mazaunin tutiya har ƙarfe ya fito fari, aka goge bayan tutiyar, aka ɗaure. Ni kuma ina bi da mita. Duk inda ta yi ƙara, sai su yi ihu kamar an ci ƙwallo. Hallgeir ya ce shekara arba'in yana walda, a tashar nan kuma ba a taɓa tambayarsa ba sai in ana neman mai wanke kofi. Ya zagaye ramukan da alli, ya ce zai cike su.

Na ci waful biyu da cuku. Hannuna duk ya yi kanta, bayana na ciwo, kuma na daɗe ban ji daɗin rana kamar ta yau ba.

Talata, 30 ga Mayu, ƙarfe biyar

Na gaya masa duka, har da safar hannun. Da na zo kan burushin Oddvar, gefen bakinsa ya motsa, sai wani sauti ya fito. Aslaug ta shigo da gudu, ta zaci shaƙewa ya yi. Dariya ce.

Juma'a, 2 ga Yuni, da yamma

Hallgeir ya sami wani rami can ƙasa wanda ya kusa ɓullewa. Ya ce ba cikewa ba ce, sai an yanke an sa faci. Ya ce zai yi, amma ba zai rantse mai duba jirage zai so shi ba. Na koma gida ban kunna fitila ba.

Litinin, 5 ga Yuni

Facin ya zauna. Aslaug ta ce ya ba ta hannun.

Juma'a, 9 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Mai duba jirage ya zo, dogo, marar fara'a, da na'urar auna kaurin ƙarfe. Ya bi jirgin taki-taki. A kan facin ya daɗe har na fara ƙirga numfashina. Ya tambayi wanda ya yi waldar asali, na ce mijina. Ya ce ya iya.

Sai ya yi tambayar. "Me ya ci shi haka cikin shekara ɗaya?"

Na buɗe baki, Oddvar ya riga ni. "Ni ne. Na sa fenti tsakanin tutiya da ƙarfe, ilektaron suka rasa hanya."

Ilektaron, a bakin Oddvar! Mutumin da ya faɗi kimiyya a makaranta har sau biyu. Mai duban ya gwada da tasa mitar, ya gyaɗa kai, ya sa hannu. Ban rungumi kowa ba, mu ba ma yin haka a tashar. Na dai shiga bayan rumfa na yi tsalle, gwiwata ta tuna mini shekaruna.

Asabar, 10 ga Yuni, da hantsi

Terna ya koma ruwa. Na zura ma'auni a teku, na haɗa mita da jikin jirgi. In ta wuce ɗigo takwas a ƙasan sifili, ƙarfe na cikin kariya. Ta nuna ɗigo tara da wani abu. Na ɗaure wata 'yar tutiya a waya, na haɗa wayar da ƙarfen jirgi, na sake ta cikin ruwa ta gefe, don in riƙa jawowa ina gani. Na ɗaga kai wajen tagogin can sama na ɗaga hannu, ko da yake daga nan ba a gane kowa.

Alhamis, 22 ga Yuni

Tordis ta iso. Ta ga gadar katakon da suka yi wa keken babanta don hawa jirgi, ta je ta sayo jatan lande.

Juma'a, 23 ga Yuni, kafin in kwanta, rana ba ta gama faɗuwa ba

Mutum huɗu suka shigar da shi, Oddvar na ba da umarni ba wanda ke sauraro. Ni na tuƙa. Jiragen garin suka biyo mu a baya, ba wanda ya wuce Terna, ko da yake kowannensu ya fi shi gudu.

Da muka tsaya a tsibiri, ana haɗa itacen wutar, na jawo wayar. Tutiyar ta fito ta yi toka-toka, ta yi kaushi, gefenta ya fara zaizayewa. Ban taɓa ganin abu mummuna da ya faranta mini rai haka ba. Na sa masa ita a hannun hagu, wancan da ya shanye. Na yi niyyar riƙe masa, sai na ga yatsun suna lanƙwasowa a hankali, ɗaya, sannan ɗaya, har suka rufe ta. Babban yatsan ya bi kaushin. Tordis ta juya tana kallon teku.

Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago na dama ya kama wuyan hannuna, yatsunsa suka zagaye shi har suka haɗu. Ya dubi tutiyar, ya dube ni. Na ga yana neman maganar, na jira, ban taimake shi ba.

"Kin," ya ce. Ya huta. "Rame."

Oddvar ya yi tari, ya ce hayaƙi ne ya shigar masa ido, alhali ba a kunna wutar ba tukuna.

Na zauna a gefen keken, na jawo kwanon jatan landen gabana da burodi da man shanu. Bai sake ni ba, sai da hannu ɗaya na ci. Na cinye, na ce wa Tordis ta ƙaro.